Darasin Kuza da Bushiya: Abin da Abatuwar Jos Ke Buƙata Daga Haɗin Kan Ƙasashe

A unguwar Abatuwa da ke kudancin birnin Jos, wadda ta samo sunanta daga babbar mayankar dabbobi da ke cikinta, da wuya a sami sana'ar da ba ta jingina da abin da ke gudana a wata ƙasa ba. Bajimin da mahauta ke kayarwa da asuba mai yiwuwa ne a Jamhuriyar Nijar ko Chadi ko arewacin Kamaru aka haife shi, ya ratso kasuwannin kan iyaka irin su Maigatari ko Mai'adua ko Mubi, kafin tirela ta sauke shi a Karar Bukuru. Fatar akuyar da aka feɗe kuwa, in ta tsira daga yankan wuƙa da ruɓewa, hanyarta ita ce majemun Kano, daga can kuma sai masana'antun takalma da jakunkuna na Italiya. Saboda haka duk lokacin da shugabanni suka zauna a Abuja ko Yamai suka sa hannu a takarda, ko kuma suka tashi baram-baram, ba a jimawa sai sakamakon zaman ya iso teburin mai nama.

A 'yan shekarun nan an yawaita maganar neman sababbin abokan ciniki da masu zuba jari daga nahiyoyi masu nisa, kuma babu laifi a cikin neman. Sai dai birnin Jos ya taɓa gwada haɗin kan ƙasashe iri biyu, ya kuma ga ƙarshen kowannensu da idonsa. Na farko an gina shi ne a kan riƙe farashi a wata kasuwa mai nisa, ya rushe a yini guda. Na biyu an gina shi a kan aiki tare da maƙwabta, ya kawar da annobar da ta daɗe tana talauta makiyaya. Abin da wannan sharhi ke kira a kai shi ne gwamnati ta ɗauki darasin na biyu, ta fara gyara hanyar da dabba ke bi daga Nijar zuwa Jos da kuma lafiyar dabbar, domin duk wata babbar yarjejeniya a kan wannan tubali za ta zauna ko ta faɗi.

Kuza ce ta kafa Jos ta zamani. Tun farkon ƙarni na ashirin kamfanonin Ingila suka duƙufa haƙarta a kan tsaunin, a shekarar 1914 ƙaramin layin dogo daga Zariya ya isa Bukuru domin kwashe ta, a 1927 kuma babban layi ya iso Jos. Tun a wancan zamani rikicin manyan ƙasashe ke juya rayuwar mutanen yankin. Da Japan ta mamaye Malaya a shekarar 1942, Ingila ta rasa babbar madogararta ta kuza, sai ta juyo kan Filato, aka riƙa kwaso dubban mutane daga lardunan Arewa domin aikin tilas a ramukan haƙar ma'adinai, da yawa kuma sanyi da yunwa da cuta suka hallaka su. Yaƙin da aka gwabza a gabashin Asiya, manomin Katsina da na Bauchi suka biya wani kaso na kuɗinsa.

Bayan yaƙin, ƙasashe masu haƙar kuza da masu sayenta suka ƙulla yarjejeniyar da ta fara aiki a shekarar 1956, aka kafa majalisar kuza ta duniya mai mazauni a Landan, Nijeriya kuma tana cikin masu haƙa. Dabarar mai sauƙi ce a takarda. Idan farashi ya faɗi, majalisar ta sayi kuza ta ajiye a rumbu, idan ya tashi ta fito da ita ta sayar. An yi kusan shekaru talatin ana tafiya a haka. Amma farashin da aka riƙe a sama ya jawo ƙasashen da ba sa cikin yarjejeniyar, musamman Birazil da Sin, suka ƙara haƙa, yayin da masu yin gwangwanin lemo da na giya suka koma ga alminiyam. Majalisar ta yi ta cin bashin bankuna tana sayen kuzar da babu mai buƙata, har ranar 24 ga Oktoba, 1985, lokacin da ta bayyana cewa asusunta ya ƙare. Kasuwar ƙarafa ta Landan ta dakatar da cinikin kuza, cikin 'yan watanni kuma farashin ya zube da kusan rabi.

Gaskiya ne cewa haƙar kuza a Filato ta fara ja da baya tun kafin wannan rana, domin kuzar da ke kusa da doron ƙasa ta yi ƙaranci, kuɗin man fetur kuma ya ɗaga darajar naira har fitar da kaya waje ya daina biya. Rushewar 1985 ce ta ƙarasa abin da ya rage. Kamfanoni suka naɗe tabarmarsu, matatar kuza ta Makeri ta rasa abin narkawa, aka bar wa jama'a kududdufai da ramuka da gonakin da ba sa nomuwa. Leburan da ya rasa aikinsa a Bukuru ko Barikin Ladi ba shi da wakili a zauren da aka yanke shawarar, kuma duk tsawon shekarun da yarjejeniyar ta yi tana aiki ba ta bar masa wata sana'a da zai koma wa ba. Haɗin kan da iyakarsa riƙe farashi yana daɗewa ne gwargwadon zurfin aljihun masu riƙon.

Tafiyar 'yan kilomitoci daga ramukan kuza akwai garin Vom, inda aka kafa cibiyar binciken cututtukan dabbobi a shekarar 1924, babban dalilin kafa ta kuwa shi ne cutar bushiya. Wannan annoba ta ratsa ƙasashen Sudan ta yamma a wajejen 1890 zuwa 1891, ta share garkunan Fulani har wasu masu dukiya suka wayi gari ba su da ko maraƙi. Ƙasa guda ba ta iya maganinta, domin garken da aka yi wa allura a Borno gobe zai sha ruwa a mashaya ɗaya da wanda ba a yi wa ba daga Kanem. A shekarar 1962 Nijeriya da Nijar da Chadi da Kamaru suka fara gangamin rigakafi na haɗin gwiwa da aka sani da JP15, da tallafin kuɗi daga Turai da Amurka. Ɗakunan bincike na Vom da Farcha a Chadi da Dakar suka samar da allura, ma'aikata suka bi garke-garke suna yi suna huda kunne domin shaida. Kafin a rufe shirin a 1976 ya game ƙasashe fiye da ashirin.

Abin da ya biyo baya shi ma darasi ne. Da aka ga cutar ta lafa, sai gwamnatoci suka saki jiki, kuɗin sa ido ya ƙafe, kowace ƙasa ta koma harkar gabanta. A farkon shekarun 1980 bushiya ta dawo, a 1983 ta yi wa makiyayan Nijeriya mummunar ɓarna. Dole aka sake haɗuwa a 1986 ƙarƙashin ofishin kula da albarkatun dabbobi na Ƙungiyar Haɗin Kan Afirka da ke Nairobi, wannan karon da niyyar kai aikin ƙarshe. A shekarar 2011 hukumomin duniya suka tabbatar da cewa an kawar da bushiya daga doron ƙasa, ita ce cuta ta biyu da ɗan Adam ya ga bayanta bayan agana. Duk saniyar da ta iso Abatuwa a yau tana cin moriyar wannan aiki. An yi shi ne kuwa a tsakanin gwamnatocin farar hula da na soja, masu magana da Turanci da masu Faransanci, a tsakiyar yaƙin cacar baka, ba tare da an jira sai siyasarsu ta zo ɗaya ba.

Idan aka auna halin da ake ciki yanzu da wannan ma'auni, za a ga an yi sakaci da abin da ke kusa. A takarda, Afirka ta Yamma na da dokokin ciniki masu kyau. An kafa ƙungiyar ECOWAS a Legas ranar 28 ga Mayu, 1975, a 1979 aka amince da 'yancin zirga-zirgar jama'a da kuma shigar da amfanin gona da dabbobi ba tare da kuɗin fito ba, a 1998 kuma aka fito da tsarin takardar shaidar ƙetare iyaka ga makiyaya, wadda ke nuna yawan garke da alluran da aka yi masa da hanyar da zai bi. A aikace kuwa, falken da ya ɗauko shanu daga kan iyaka ya san yawan shingayen da zai tsaya, ya kuma san cewa kowane tsayi yana da kuɗinsa, dabba tana ramewa a cikin mota, wata ta faɗi kafin a iso. Duk wannan asara a kan farashin nama take sauka.

Bayan shingaye sai rufe iyaka ɗungurungum. A ranar 7 ga Yuli, 2019, Nijeriya ta sa hannu a yarjejeniyar ciniki maras shinge ta nahiyar Afirka, a birnin Yamai. A watan Agusta na wannan shekarar ta rufe iyakokinta na tudu domin yaƙi da fasa-ƙwaurin shinkafa, ba a sake buɗe su ba sai Disamba, 2020. Da sojoji suka hamɓarar da gwamnatin Mohamed Bazoum ranar 26 ga Yuli, 2023, ECOWAS ta ƙaƙaba wa Nijar takunkumi, aka rufe iyaka, Nijeriya ta yanke wutar lantarkin da take ba ta. An janye takunkumin a Fabrairu, 2024, aka buɗe iyakar a watan Maris, amma gwamnatin sojan ba ta gusa ba, zumunci kuma ya riga ya yi rauni. Ranar 29 ga Janairu, 2025, ficewar Nijar da Mali da Burkina Faso daga ECOWAS ta tabbata. A watan Mayu na shekarar, ana gab da babbar Sallah, hukumomin Nijar suka hana fitar da dabbobi zuwa waje domin sauƙaƙa wa 'yan ƙasarsu farashin ragon layya. Cikin shekaru shida, hanyar da ke ciyar da mayankun Nijeriya ta toshe har sau uku, biyu daga wannan ɓangare, ɗaya daga wancan.

Ga kuma matsalar kuɗi. Sefa tana ɗaure da yuro a kan farashi tsayayye, naira kuwa tun da aka sake ta a watan Yuni, 2023, ta faɗo daga wajen 460 a kan dala guda zuwa fiye da 1,500 a farkon 2024. Makiyayin Dakoro ko Tanut da ya sayar da sa a naira, in ya je canji sai ya tarar da sefar da ta shigo hannunsa ta ragu ƙwarai, don haka ko dai ya tsawwala farashi ko ya nemi wata kasuwa. Dillalin Bukuru ba shi da ikon gyara wannan, mahaucin Abatuwa kuma ba zai iya ɗora wa mai cefane dukan ƙarin ba, domin aljihun mai cefanen ma ya rame. Sai a rage yawan yanka, masu feɗa da masu wankin kayan ciki da masu dako su koma gida da rabin abin da suka saba samu.

Masu goyon bayan rufe iyaka suna da hujjojinsu, kuma bai kamata a yi watsi da su ba. Suna cewa ta kan iyakar ne makamai ke shigowa, ta nan ake kai shanun sata, kuma ƙungiyar da ta zura ido ana juyin mulki ba tare da ta tsawatar ba ta zama kyanwar Lami. A Filato ma maganar ta fi zafi, domin jihar ta sha zubar da jini tun daga rikicin Jos na 2001, ƙauyukan Barikin Ladi da Riyom da Bokkos da Mangu kuma sun ga kashe-kashe da ƙone-ƙone da satar shanu da ɓarnar gonaki. Mutumin da ya binne 'yan'uwansa ba za a zarge shi ba in ya ji kalmar buɗe iyaka ya ɗaure fuska.

Amma iyakar Nijeriya da Nijar ta kai kimanin kilomita 1,500, ta ratsa jihohi bakwai daga Kebbi zuwa Borno, mafi yawanta kuma fili ne fetal. Idan aka rufe ƙofar Jibiya ko ta Illela, mai takarda ne kaɗai ke tsayawa. Mai makami da ɓarawon shanu dama ba ta ƙofa suke bi ba. Abin da rufewa ke haifarwa shi ne ta kora halattaccen ciniki zuwa hanyoyin daji, inda babu jami'in kwastan da zai ƙirga, babu likitan dabbobi da zai duba, kuɗin da ya kamata ya shiga baitulmali kuma ya faɗa hannun masu tsaron dajin. Har ila yau, ya kamata a bambanta garken da ke yawon kiwo da dabbar kasuwa da aka loda a mota daga kara zuwa mayanka, wadda ba ta taka gonar kowa ba. Dabbar da ke da takarda da alama a kunne, an san inda ta fito da wanda ya sayar da ita, ita ce babbar abokiyar gabar ɓarawo, domin saniyar sata ba ta da kasuwa a mayankar da ke tambayar shaida. Manomin Riyom da makiyayin da ke maƙwabtaka da shi duk suna da riba a cikin irin wannan tsari.

Wannan takarda ɗaya ita ce kuma mabuɗin kasuwannin duniya. Tun da aka kafa Ƙungiyar Ciniki ta Duniya a 1995, wadda 'yar Nijeriya Ngozi Okonjo-Iweala ta karɓi shugabancinta a 2021, dokokinta sun bai wa kowace ƙasa damar hana shigo da nama saboda kare lafiya, muddin ta dogara da ƙa'idojin hukumar lafiyar dabbobi ta duniya. Ma'ana, ko an soke kuɗin fito gaba ɗaya, naman da ya fito daga yankin da ciwon baki da kofato ko ciwon huhu ke yawo ba zai shiga manyan kasuwanni ba. Botswana da Namibiya sun daɗe suna sayar wa Turai nama, a 2020 kuma Namibiya ta zama ƙasar Afirka ta farko da ta kai naman shanu Amurka. Garkunansu ba su kai na Nijeriya ba ko kusa. Abin da suka fi ta da shi shi ne yankunan da aka tsarkake daga cuta, da alama a jikin kowace dabba, da mayankun da masu sayen suka duba suka amince. A ɗaya gefen kuma, lokacin da zazzaɓin Rift Valley ya ɓulla a shekarar 2000, Saudiyya ta rufe ƙofarta ga dabbobin ƙahon Afirka, Somaliya ta yi shekaru tara kafin a sake buɗe mata.

Nijeriya ba za ta iya tsarkake garkenta ita kaɗai ba alhali kaso mai yawa na dabbobin da take yankawa daga maƙwabta suke zuwa. Ko dai a yi aikin tare da Nijar da Chadi da Kamaru kamar yadda aka yi a 1962, ko kuma a ci gaba da yin allura a gefe guda cuta na shigowa ta ɗaya gefen. Duniya ta sa wa kanta wa'adin shekarar 2030 domin kawar da annobar awaki da tumaki, 'yar'uwar bushiya, wadda ke cinye dukiyar matan karkara. Cibiyar Vom na da ƙwarewar da za ta jagoranci yankin a wannan aiki in an ba ta kuɗi da kayan aiki a kan kari. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

A kan wannan ma'auni ya kamata a auna masu zuba jari daga nesa. A watan Yuli, 2024, Gwamnatin Tarayya ta kafa ma'aikatar bunƙasa kiwon dabbobi, a watan Nuwamba kuma ta sa hannu da kamfanin JBS na Birazil a kan shirin zuba dala biliyan 2.5 domin gina masana'antu shida na sarrafa nama, biyu daga cikinsu na shanu. A Janairu, 2025, Nijeriya ta zama abokiyar hulɗar ƙungiyar BRICS. Waɗannan matakai ne da ke iya kawo alheri. Sai dai babbar masana'antar nama tana buƙatar dabbobi masu lafiya da ke isowa kullum ba yankewa, kuma in hanyar arewa na toshewa duk bayan shekara biyu, mai jarin zai nemi izinin shigo da daskararren nama daga ƙasarsu, wadda ita ce kan gaba a duniya wajen fitar da naman shanu.

Yankin ya taɓa ganin irin haka. A ƙarshen shekarun 1980 da farkon 1990, Tarayyar Turai ta riƙa tallafa wa 'yan kasuwarta suna jibge daskararren naman da ya yi musu yawa a tashoshin ruwan Afirka ta Yamma a kan farashin da bai kai kuɗin kiwonsa ba. Makiyayan Mali da Burkina Faso suka rasa kasuwarsu ta Abijan da Akra, alhali Turan ce ke ba da kuɗin ayyukan raya kiwo a ƙasashen nasu. Sai da ƙungiyoyi masu zaman kansu suka tayar da jijiyar wuya a 1993 aka rage tallafin, karya darajar sefa da rabi a Janairu, 1994, kuma ta dawo wa dabbobin Sahel da kasuwarsu. Gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah. Duk yarjejeniyar da za a ƙulla da babban kamfani ya wajaba ta fayyace cewa daga makiyayan yankin zai sayi dabbobi, ta kuma tanadi horo da gurbi ga mahautan da suka gaji sana'ar, domin kada a gina katafariyar mayanka a gefe guda, dubban iyalai su rasa abinci a ɗaya gefen.

Fata ma haka take. Jar akuyar Sakkwato da Maraɗi ta yi suna tun zamanin da ayarin raƙuma ke ƙetare Sahara da fatunta, har Turawa suka riƙa kiranta fatar Maroko saboda ta can take isa gare su. Har yanzu fata na cikin manyan kayan da Nijeriya ke fitarwa ban da man fetur, amma mafi yawanta jemammiya ake fitar da ita, ribar ɗinki da suna kuma ta tsaya a Turai. Ƙiragan shanu kuwa akasarinsu a tukunya suke ƙarewa a matsayin ganda. Darajar fata a mayanka ake yin ta ko a ɓata ta, domin huda ɗaya ta wuƙa ko jinkirin sa gishiri na iya mayar da fata mai daraja ta ɗaya zuwa ta uku. Jos na da dukawan Naraguta da suka shahara da aikin fata, Zariya na da cibiyar binciken kimiyyar fata, Kano na da majemu a Challawa da Sharaɗa. Kasuwar Afirka maras shinge, wadda aka buɗe a hukumance ranar 1 ga Janairu, 2021, dama ce ta sayar da takalmi da jaka a Akra da Nairobi a maimakon sayar da ɗanyen kaya kawai. Amma tashar jiragen ruwa ta tudu da aka tsara a Heipang tun 2006 ta daɗe tana jan ƙafa, yayin da ta Kaduna ta fara aiki a 2018, ta Dala a Kano kuma a 2023.

Abin yi a bayyane yake, kuma bai fi ƙarfin hukuma ba. Na farko, a raba cinikin abinci da dabbobi daga rigimar siyasa. Akwai hukumar haɗin gwiwa ta Nijeriya da Nijar da aka kafa tun 1971 mai hedikwata a Yamai, da hukumar tafkin Chadi ta 1964, kuma kafuwarsu ba ta rataya a kan ECOWAS ba. Ta hannunsu za a iya ƙulla rubutacciyar yarjejeniya cewa kowace irin taƙaddama ta taso, ba za a hana dabbobi da hatsi da magunguna wucewa ba, kuma ƙasar da ke son taƙaita fitar da kaya za ta ba da sanarwa tun da wuri. Na biyu, a kafa wuraren duba dabbobi na haɗin gwiwa a manyan kasuwannin iyaka, da takarda ɗaya da ɓangarorin biyu suka yarda da ita, wadda za ta raka mota har ƙofar mayanka ba tare da wani shinge ya sake karɓar ko kwabo ba. Layin dogon Kano zuwa Maraɗi da aka ƙaddamar da aikinsa a 2021 ya kamata a tanadar masa taragun dabbobi tun yanzu, domin ba a fafe gora ranar tafiya.

Na uku ya rataya ne a wuyan gwamnatin jiha da ƙananan hukumomi, waɗanda mayanku ke hannunsu. Mayankar da za ta shiga cinikin ƙasa da ƙasa tana buƙatar ruwa mai gudana, da wutar da ba ta yankewa, da ɗakin sanyi, da ƙugiyoyin rataye nama, da likitan da ke duba dabba kafin yanka da bayansa, da littafin da ake rubuta asalin kowace dabba. Jos na da sanyin yanayi da ke rage kuɗin adana nama, tana da Vom a kusa, tana kuma tsakanin kasuwannin dabbobi na arewa maso gabas da masu cin nama na Abuja da kudu. Kuɗin shigar da ake karɓa a kan kowace dabba ya kamata a ga wani kaso nasa yana komawa cikin mayankar, a kuma zauna da Sarkin Fawa da shugabannin ƙungiyoyin mahauta da dillalai tun daga matakin tsarawa.

Manyan ƙasashe na gasar neman kasuwa da ma'adinai da abokai a Afirka, kuma kowace za ta zo da tayinta. Ƙasar da za ta ci riba a wannan gasa ita ce wadda ta zo teburin da kayan da ake iya saye da kuma maƙwabtan da ke bayanta. Nijeriya na iya saɓawa da hukumomin Yamai a kan tsarin mulki, ta faɗi ra'ayinta a fili, ba tare da ta ɗora wa makiyayin Damagaram da mahaucin Jos kuɗin saɓanin ba. Gwamnatocin 1962 ba su fi na yau jituwa ba, amma sun yarda su yi wa shanu allura tare, kuma amfanin wannan shawara na nan har gobe, shekaru da dama bayan majalisar kuza ta zama tarihi.